Zaman da Muke Kira Hutu

A unguwarmu idan aka sanar da rasuwar magidanci, tambayar farko da take fitowa daga bakin masu ta'aziyya ita ce ko ya daɗe yana jinya, kuma amsar da na fi ji a 'yan shekarun nan ita ce: "Lafiyarsa ƙalau, da shi aka yi sallar Isha'i." Sai a yi salati, a ce kwana ne ya ƙare, kowa ya kama bakinsa. Babu musulmin da zai yi jayayya da cewa ajali a hannun Allah yake, amma wannan "lafiyarsa ƙalau" ɗin ita ce take damuna, domin sau da yawa ba haka abin yake ba. Mutumin ya shekara goma ko fiye yana ɗauke da ciwo a cikin jijiyoyin jininsa, irin ciwon da ba ya sa zazzaɓi kuma ba ya kwantar da mai shi, har zuwa daren da zai yanke jiki ya faɗi a banɗaki ko a kan dardumar salla.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, Allah ya tsallakar da shi daga irin wannan dare, sai dai da ɓarin jiki ɗaya ya tsallake. Yana da shekara 54 a lokacin, yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Mutum ne da ya tashi a ƙauye, ya yi noma, ya yi kiwo, ya kuma yi dakon dilar kaya a kansa lokacin da yake yaron shago. Da Allah ya buɗa masa, sai yininsa ya koma haka: mota ta ɗauke shi daga ƙofar gida da hantsi, ta sauke shi dab da layin shagonsa, ya hau kujera, ba zai sauka ba sai salla. Ruwan alwala yaro ne yake kawo masa a buta, abincin rana yaro ne yake karɓowa tare da lemon kwalba mai sanyi, in kuma ana neman wani launi na shadda a shagon maƙwabci, yaro ake turawa. Da magariba mota ta mayar da shi gida, ya ci tuwo, ya fito majalisa ya kishingiɗa a tabarma har goman dare. Haka ya yi shekara ashirin, kuma duk danginmu muna kallon tumbinsa yana fitowa muna cewa kawu ya samu hutu.

Ranar da muka kai shi asibiti bakinsa a karkace, malamar da ta karɓe mu ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta sake aunawa, sannan ta tambaye mu wane maganin hawan jini yake sha. Muka kalli juna. Jinin ya haura 200, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarsa da aka taɓa auna shi. Kafin mu koma gida kuwa, magana ta riga ta zagaya dangi cewa jifa ne daga abokan hamayya na kasuwa.

Tun daga ranar nake da ra'ayin da nake so in faɗa a fili: mu Hausawan birni mun ɗauki zama wuri ɗaya mun mayar da shi alamar girma, mun kuma ɗauki tafiya da ƙafa mun mayar da ita alamar talauci, kuma zukatanmu da huhunmu ne suke biyan kuɗin wannan fahimta. Muddin ba mu warware wannan ƙulli ba, likitoci za su yi ta magana a rediyo a kan motsa jiki, mu kuma za mu yi ta saurare daga kan kujera.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mutane a duniya. A 2019 sun yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 17.9, wato kusan kashi 32 cikin 100 na duk waɗanda suka mutu a shekarar, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan adadi a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Wannan kaɗai ya isa ya kashe maganar da muka daɗe muna yi cewa ciwon zuciya ciwon Turawa ne ko na masu kuɗi. Hukumar ta kuma bayyana cewa a 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon da lafiyarsu take buƙata. Hawan jini kuwa, wanda ake cewa mutum yana da shi idan awonsa ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka, kusan rabin masu ɗauke da shi ba su ma san suna da shi ba, kamar dai kawuna.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da yake faruwa a cikin ƙirjinsa, domin wanda ya san yadda abu yake aiki ya fi saurin yarda da maganinsa. Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana, tana kuma tura kusan lita 5 ta jini a kowane minti ko da mutum yana kwance. Jijiyoyin da jinin yake bi a jikin mai lafiya suna da laushi, suna buɗewa su tsuke daidai da buƙata. Yawan zama, da ƙiba, da gishiri, da hayaƙin taba, da sukarin da ya yi yawa a jini, su ne suke sa bangon jijiyar ya yi tauri, kitse ya riƙa liƙewa a cikinsa a hankali kamar yadda datti yake taruwa a tsohon bututun famfo, hanya ta yi ta ƙuntata shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba. Ranar da gudan jini ya toshe ragowar hanyar, idan jijiyar da take ciyar da zuciya ce sai a samu bugun zuciya, idan kuma ta ƙwaƙwalwa ce sai ɓarin jiki ya shanye. Wani lokacin ma ƙarfin jinin ne yake fasa jijiyar a cikin kai. Akwai kuma waɗanda zuciyarsu take gajiya sannu a hankali saboda ta daɗe tana turawa da ƙarfi, su ne za ka ga ƙafafunsu sun kumbura, ba sa iya kwanciya sai an tara musu matasan kai saboda haki.

Motsa jiki yana taɓa kusan kowace gaɓa ta wannan sarƙa. Tsokar zuciyar da ake sa wa aiki a kai a kai tana ƙara ƙarfi, har ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, shi ya sa bugun zuciyar mai atisaye yake raguwa idan yana hutawa. Jijiyoyi suna riƙe laushinsu, awon jinin mai hawan jini yana sauka da 'yan lambobi waɗanda suke da tasiri ƙwarai idan aka tara su cikin shekaru, tsokokin cinya da na sha-raɓa suna zuƙe sukari daga jini su ƙone shi, kitse mai amfani yana ƙaruwa a jini, barci kuma yana daɗi. Babu ƙwaya ɗaya a kemis da take yin duk waɗannan ayyuka a lokaci guda.

Yadda aka fara gane wannan a ilimin likitanci yana burge ni, domin daga motar haya aka gano shi. Wani likita a Ingila mai suna Jerry Morris ya bibiyi lafiyar dubban ma'aikatan bas-bas masu hawa biyu na birnin Landan, ya wallafa sakamakon a 1953. Direba da kwandasta mota ɗaya suke shiga, gari ɗaya suke zaune, samunsu bai bambanta sosai ba, amma direba yana yini a zaune, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakalar bas ɗin sau ba adadi yana karɓar kuɗi. Morris ya tarar ciwon zuciya ya fi yawa a cikin direbobi, kuma idan ya kama su ya fi saurin kashe su. Ya sake ganin haka tsakanin masinjojin gidan waya da suke yawo da wasiƙu a ƙafa ko a keke da takwarorinsu masu zaman ofis. Shi kansa likitan ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99. Duk lokacin da na tuna wannan bincike sai in tuna dubban matasanmu masu tuƙa adaidaita sahu, waɗanda suka cika titunan Kano tun bayan hana acaɓa a 2013, suna yini a zaune daga safe har dare, hancinsu daidai da bututun hayaƙin motar da take gabansu.

Kakanninmu ba su san wani abu wai shi atisaye ba, domin rayuwar da kanta atisaye ce. Fatake sun taka daga Kano har Gwanja a ƙasar Gana ta yau suna ɗauko goro, alhazan ƙasa sun ratsa Chadi da Sudan a ƙafa suna neman Makka, manomi ya yi huɗa da garma, yaro ya yi langa da kokawa a dandali, mace ta yi surfe da daka da niƙa ta kuma ja guga. Ba ina kiran a koma wa wannan wahala ba ne. Duk wanda ya ga bayan tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta a kan dutsen niƙa ba zai yi baƙin cikin zuwan injin markaɗe ba, famfo da burtsatse kuma rahama ne. Abin da nake nunawa shi ne cewa cikin shekarun da ba su wuce rayuwar mutum ɗaya ba mun cire motsi daga yininmu, ba mu sa komai a gurbinsa ba, abincinmu kuwa bai ragu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi da mai da sukari da farar shinkafa da fulawa. Malmalar tuwon da aka auna wa mai huɗa ita ce har yanzu ake ajiye wa mai zaman kanti.

Daga nan kuma al'ada ta zo ta ɗaure wa zaman gindi. Idan dattijo mai hali ya fito yana tafiya da ƙafa a bakin titi, kafin ya yi taku ɗari wani zai tsayar da mota ya ce, "Alhaji, lafiya? Ina motar? Shigo in rage maka hanya," kuma in ya ce tattaki yake yi, sai a yi masa kallon wanda karayar arziki ta kama yana ɓoyewa. Idan ya sa wando da riga na atisaye, sai a ce girma ya faɗi. Muna yaba wa mutum da cewa ya yi ƙiba ya yi kyau, muna jajanta wa wanda ya rage teɓa kamar ya tashi daga jinya. Abin ya kai har wasu 'yan mata da amare suna sayen ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" domin su yi jiki, alhali daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi akwai masu tayar da hawan jini da ciwon suga su kuma tara ruwa a jiki, ruwan da ake gani a ɗauka ƙiba ce. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da yawa sun ajiye motoci sun koma ƙafa da keke, kuma tsananin da ya kai su ga haka abin tausayi ne na gaske, sai dai na lura da yadda da yawansu suke tafiyar cikin jin kunya, suna jiran ranar da za su daina. Da a ce mun ɗauki tafiya da ƙafa a matsayin abin da mai mutunci yake yi da gangan, da ko bayan sauƙi ya zo wasu za su riƙe ta.

Abin mamaki shi ne addinin da muke alfahari da shi bai koya mana wannan zaman ba. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa a wurin Allah a kan mumini mai rauni, duk da cewa akwai alheri a cikin kowannensu. Ya gaya wa sahabin da ya tsananta wa kansa da ibada cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Yakan je masallacin Kuba duk Asabar, wani lokaci a kan abin hawa, wani lokaci a ƙafa. Da Banu Salima suka so su taso su dawo kusa da masallaci, sai ya ce su zauna a gidajensu, ana rubuta musu ladan takunsu. Ya kuma yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa, bayan wasu shekaru da jikinta ya yi nauyi suka sake shi kuma ya tsere mata. Ina fatan malamanmu za su riƙa karanta wa magidanta wannan hadisi na ƙarshe a kan mumbari, su kuma tsaya su yi masa sharhi.

Na faɗi haka ne saboda matan birni su ne wannan matsala ta fi yi wa katutu, kuma su ne aka fi mantawa da su idan ana maganar motsa jiki. Namiji ko yaya ne yana fita kasuwa da masallaci. Matar aure kuwa tana iya yin mako guda tafiyarta ba ta wuce daga ɗaki zuwa madafi ba, a gidan haya mai tsakar gida kamar tafin hannu, bayan haihuwa biyar ko shida da kowacce ta bar mata nata nauyin. Ciwon gwiwa ya zo, ya ƙara zaunar da ita, zaman ya ƙara nauyi, nauyin ya ƙara ciwon, daga nan sai hawan jini da suga su shigo, a wayi gari tana salla a kan kujera tana da shekara 45. Idan ta ce za ta fita ta taka da asuba cikin hijabinta, surutun unguwa kaɗai ya isa ya mayar da ita gida. A ganina nauyin wannan yana wuyan mazaje kafin kowa. Mijin da ya ɗauki ciyarwa da tufatarwa wajibi ne a kansa ya kamata ya san cewa lafiyar zuciyar matarsa tana cikin amanar da aka ba shi, ya raka ta su zaga unguwa bayan sallar Asuba, ko ya yarda ta haɗu da maƙwabtanta mata su yi tare. Makarantun 'yan mata da suke da katanga da fili suna nan a rufe duk ƙarshen mako, kuma ban ga abin da zai hana a buɗe su ga matan unguwa na awa biyu ba, mace ce a bakin ƙofa, mata ne a ciki. Ko a ɗaki ma, tashi da zama daga kujera sau goma sha biyar, da taku a wuri ɗaya, da tsallen igiya ga mai ƙuruciya, duk aiki ne da zuciya take lissafawa.

Batun huhu yana buƙatar a faɗi gaskiyarsa ba tare da ƙari ba, domin a nan ne wasu masu wa'azin atisaye suke wuce gona da iri. Ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da COPD, ya kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, kuma shi ne na uku a jerin cututtukan da suka fi kisa a duniya a shekarar. A ƙasashen Turawa taba ce babban dalilinsa. A wurinmu akwai taba, akwai kuma murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibinta daga girki da itace da gawayi da kara da kashin shanu take fitowa, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020. Matar da ta shekara talatin tana hura wuta a madafin da ba shi da taga, bango ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, idonta yana hawaye, goyonta a baya, ba ta taɓa riƙe karan sigari ba amma huhunta ya sha hayaƙin da ya ishe shi, kuma tsadar gas ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi da itace. A gefe guda ga samarinmu da shisha, suna ruɗin kansu cewa ruwan da yake cikin tulun yana tace gubar, alhali ba ya tacewa, zama ɗaya na shisha kuma hayaƙin da ake zuƙa a cikinsa ya ninka na karan sigari ɗaya nesa ba kusa ba, ga gubar gawayin da ake ɗorawa a kai. Najeriya tana da dokar taba tun 2015 wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, amma kowa ya san abin da ake yi a teburin mai tireda.

Gudu ba ya wanke huhun da hayaƙi ya lalata, kuma wanda yake shan taba da dare ya fita sassarfa da safe bai biya bashin komai ba. Amfanin motsa jiki ga mai ciwon huhu ta wata hanya yake zuwa. Mai haki yana jin tsoron motsi, sai ya zauna, zaman ya raunana tsokokin ƙafafunsa, raunanan tsokoki kuma sun fi cin iska a kan ɗan ƙaramin aiki, sai hakin ya ƙaru, har ya kai ga zuwa banɗaki ma ya zame masa tafiya. Tattakin da ake ƙarawa kaɗan-kaɗan ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya yana karya wannan zagaye, domin tsokar da ta saba aiki tana wadatuwa da iskar da huhun yake iya bayarwa. Mai asma ma ba a hana shi motsi ba, abin da ake so shi ne ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ya fara a hankali, ya kuma kauce wa safiyar hunturu mai ƙura da bakin titin da hayaƙi ya turnuƙe.

Akwai wanda zai ce mini ga manomi ga ɗan dako ga ɗan garuwa, ba sa zama ko kaɗan, amma ana samun hawan jini a cikinsu. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na yarda a mayar da motsa jiki maganin komai. Gado yana da nasa kaso, shekaru suna da nasu, ciwon ƙoda da damuwa suna da nasu, gishiri kuma yana da kaso babba. Abin da aka shawarta wa babban mutum shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, alhali tukunyar miyarmu ana zuba mata gishiri, a marmasa magi huɗu ko biyar, a jefa kanwa wadda ita ma sinadarin gishiri ne a cikinta, sannan a barbaɗa yaji mai gishiri a kan abincin. Saboda haka mai aikin ƙarfi ma yana buƙatar awo, kuma wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya fara tattaki ko don ya ji kansa ya daina ciwo.

Gwargwadon da ake nema bai kai yadda mutane suke tsoro ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ya haɗa da abin da zai ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, yara kuma su samu minti 60 a kullum. Minti 150 shi ne rabin awa a kwana biyar, kuma ana iya rarraba shi cikin yini. Ma'aunin saurin da ake so shi ne numfashinka ya ɗaga har ka ji ɗumi a jikinka, kana iya amsa gaisuwa amma ba za ka iya jan ƙira'a ba. Mai zuwa jam'i sau biyar yana da dama a hannunsa wadda mutanen wasu ƙasashe ba su da ita. An umarce mu mu tafi salla cikin natsuwa ba da gaggawa ba, to sai a tafi a natse, a dawowa kuma a ɗauki doguwar hanya a ɗaga ƙafa. Wanda ya haura shekara arba'in kuma ya daɗe a zaune, ko yake da hawan jini ko suga, ya fara zuwa a auna shi, ya soma da minti goma, kuma in ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko jiri, ko hakin da ya wuce misali, ya tsaya ya nemi asibiti a ranar.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa mutum laifin rashin tafiya a garin da ba a gina shi domin mai tafiya ba. Biranenmu sun samu gadojin sama da na ƙasa, duk domin mota, amma gefen titin da ɗan Adam zai taka ko dai babu shi, ko masu kaya sun baje a kai, ko an jera motoci, ko kwata ce a buɗe tana jiran ƙafar tsoho. Filayen da muka buga ƙwallo a cikinsu muna yara an yanka da yawansu an yi shaguna, har da na makarantu, sannan muna mamakin yaran da suka ƙwace wa iyayensu waya suka kwanta. Mai son fita da asuba kuma yana lissafin masu ƙwacen waya kafin ya buɗe ƙofa. Waɗannan duk aikin hukuma ne, kuma aikin lafiya ne kamar yadda gina asibiti yake aikin lafiya, sai dai sun fi shi araha. Birnin Kigali na ƙasar Ruwanda tun 2016 yake rufe wasu manyan tituna ga motoci a wasu ranakun Lahadi da safe, jama'a su fito su yi tattaki da gudu da keke, ma'aikatan lafiya kuma su kafa rumfuna suna auna hawan jini da suga kyauta. Mu da muke da safiyar tsaftar muhalli a Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda tituna suke zama fayau babu mota, rabin aikin a gama yake, abin da ya rage shi ne a ƙyale mutane su taka bayan shara, a kuma ajiye ma'aikacin lafiya da abin awo a ƙofar gidan mai unguwa. Idan hakimi ko limamin Juma'a ya fito a sahun gaba da rawaninsa, maganar faɗuwar girma ta ƙare a wannan unguwa.

Kawuna yanzu yana tafiya, domin masu gashin ƙashi na asibiti sun dage masa, shi ma ya dage. Daga ƙofar gidansa zuwa masallaci taku sittin ne ga mai lafiya, shi kuwa yana cin minti goma a kai, sanda a hannun dama, ƙafar hagu yana jan ta, kuma ba ya yarda kowa ya riƙe shi. Babban ɗansa ne yake zaune a kan kujerar shagon yanzu, shekararsa 32, tumbi ya fara turo masa riga. Watan jiya na matsa masa muka tsaya a wani kemis aka auna shi, aka samu 150 bisa 95, mai awon ya ce ya sake dawowa a maimaita, in ya tsaya a haka ya ga likita. Da na gaya wa kawu, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya yi magana da harshensa da har yanzu yake masa nauyi, sai da na matsa kusa na ji abin da yake cewa: in gaya wa yaron ya riƙa ajiye mota a nesa da kasuwa, kuma in ana neman kaya a shagon maƙwabci ya tashi ya ɗauko da kansa.